Da Ɗan Gari

Ni na gina wa Hajiya Ladidi shafin atamfa
a shagona na Sabon Layi, janareta na tari a baya.
Ta ce a ƙara wurin barin saƙo.
Na ɗauko 'yar manhaja ta kyauta, na liƙa,
na karɓi kuɗina, na sha shayi wajen Mudi.

Daren Laraba ina cikin shafin, ƙofa buɗe da sunana,
saƙo ya faɗo: duba hoton bikin ƙanenka.
Na danna. Fari fat, babu ko inuwa.
Na yi tsaki, na kwanta.

Ashe cikin farin nan aka rubuta takarda,
aka miƙa wa kwamfutata, 'yar aike marar tambaya,
ta kai da hatimina a goshi.
Shafin ya ga hatimi, bai ce wa ya aiko ki ba,
ya sauya lambar asusu.

Kwana uku kuɗi na zurarewa aljihun baƙo.
Hajiya ta taso daga Ƙofar Guga, ko zama ba ta yi ba.
Rajista ta ce: goma da minti shida, kai ne.
Da me zan rantse? Yatsana ne.

Ba a ɓalle kwaɗo ba, ba a haura katanga ba.
Da ɗan gari akan ci gari,
ni ne ɗan garin.

Yanzu kowace takarda sai da 'yar shaida
wadda ake nunawa sau ɗaya ta mutu.
Na toshe kafar.
Hajiya dai har yau zagaye take yi
don kada ta bi ta ƙofar shagona.