Makullin Famfo

Makullin nan ya fi ni tsawo,
baƙin ƙarfe mai ƙaho biyu kamar bajimi.
Shekara sha tara ina saɓe da shi
tun kafin ladan ya kira assalatu.
In na murɗa dama, wata unguwa ta yi wanka,
in na murɗa hagu, wata ta yi taimama.

Takarda aka ba ni, da hatimi a gindinta:
bututun can, inda ake shayar da furanni da tiyo,
kwana biyar.
Namu na Mabera, kwana guda,
shi ma sai in an kawo wuta.
Ba ni na rubuta ba. Amma hannun nawa ne,
matan layinmu kuwa hannu suka sani, ba hatimi ba.

Inno Kulu ta tare ni a bakin kwalbati
da jarka huɗu ɗaure a igiya ɗaya.
"Arzika," ta ce, "ashe ba kai ne ɗan Tunau ba?
Mu da munka sha rabon ubanka
ba mu taɓa kwana da ƙishi ba."
Na sunkuyar da kai.
Iska ta yi ta buga jarkokin,
ganguna ba makaɗi.

Gaskiya ta faɗa. A ƙauyenmu na gefen Rima
Baba kan kafa kara a bakin kwari.
Inuwa ta taɓa dutsen fari, a toshe wa mai albasa,
a buɗe wa mai tattasai.
Ta taɓa na biyu, Fulani su gangaro da shanu.
Ko ɗan hakimi, inuwa yake jira.

Bana ƙauyen yana ƙarƙashin gulbi.
Sama ta ƙi, shuka biyu ta ƙone a ƙasa,
rannan ta juye na shekara a dare biyu.
Aka buɗe ƙofofin dam,
sanarwa ta iso bayan ruwa.
Ƙanena Labbo ya kwana bisa tsamiya
yana kallon rumbunsa ya kama hanyar Argungu
ko sallama babu.

Yanzu suna firamare, su tara a aji guda.
Ruwa gabas, ruwa yamma,
na sha ne babu.
Don gulbin bai zo shi kaɗai ba:
ya kwaso jinin kwata da baƙin man kanikawa,
wankin fatun majema, leda, har da abin da baki ba ya faɗa.
Abin da birni ya zubar da rani
shi aka kai wa ƙauye da damina.
'Yar autan Labbo, kwana uku amai da gudawa,
leda shida aka ƙara mata,
shi ma ruwan saye muka yi.

Daren jiya na tsaya kan murfin bututu,
ba kowa sai karnuka da farin wata.
Murɗa biyu kacal, Mabera ta cika randuna.
Hannuna ya yi zufa.
Ban murɗa ba.
Rabon da aka yi a ɓoye sata ne ko da na marayu ne,
gobe wani mai makullin zai murɗa wa surukansa.

Da hantsi na yanki kara a bayan gida,
na tsinci duwatsu biyu,
na hau bene, na ajiye su kan teburin manaja.
Na ba shi labarin Tunau da inuwarsa.
Ya yi dariya, ya ce in rubuto.
Na rubuto.
Inno Kulu ta dangwala, mata arba'in suka bi bayanta,
har takardar ta yi nauyi da shuɗin yatsu.

Ban san inda za ta kwana ba.
Karan dai na can, masinja ya ce ba a jefar ba.
Gobe ranar Mabera ce.
Zan fita tun kafin zakara,
Allah ya sa a kawo wuta.