Mai Goge Ido

Kafin gari ya waye a mashigin Tsushima
nakan hau saman jirgi da ƙyalle a aljihu.
Aikina ke nan, ni Hisae 'yar gidan Torigoe:
goge gishiri daga idon da ba ya ƙyaftawa.

Lesa suke ce masa. Ba harsashi, ba ƙara.
Wuta yake sha daga cikin janareta
ya tofo ta siririya
kamar zaren da ya bi kafar allura.

Mahaifina ma da haske ya ciyar da mu.
Fitilu arba'in yake kunnawa a jirginsa na kamun kifi,
kifi ya taso daga duhu, ya kawo kansa.
Nasa hasken kira ne.
Nawa kora.

Ranar gwaji, rada ta yi raɗa.
Ɗigo ɗaya a allo, yana shafar bayan ruwa.
Makami mai linzami ba ya sallama.
Madubi ya juya wuya kamar zalɓe a bakin rafi,
kuma ban ga komai ba,
don wannan hasken ba ya nuna kansa.
Sai ƙirga kawai. Ɗaya, biyu,
Sumida yana cizon leɓe,
uku, huɗu, a riƙe wuri ɗaya,
wurin da bai fi tafin hannun jariri ba
a jikin abin da ke tsere da iska,
shida, bakwai,
sai can nesa wani abu ya yi tuntuɓe,
ya faɗa. Teku ta haɗiye, ta goge baki.

Aka yi tafi. Ni ina duban yamma
inda farin hazon teku ke tattara kayansa.
Hazo yana cinye hasken nan a hanya,
ruwan sama yana karya masa gwiwa,
ƙwayar gishiri ɗaya takan tara zafi ta fasa gilashi.
Mutum ɗari da tamanin suna barci a ƙarƙashin ƙafafuna
bisa amanar ƙyalle.

Da muka tsaya a Sasebo na buga waya gida.
Ya ce, "Fitilar taki tana kamu kuwa?"
Na ce, "Baba, ranar da ta yi aiki
hannu rabbana nake dawowa."
Ya yi shiru. Ina jin ruwa yana dukan katako a bayansa.
Can ya ce, "To, ki riƙa gogewa daga tsakiya zuwa gefe.
Ni ma da gilashi nake farawa."