Kwana Uku ko Kwana Biyar

Takardar tana kan tabarma,
na danne ta da kofin shayi.
Tsahara ta yi barci, gefen cibiyarta duk sawun allura.
Sura Bildi ta yi tsit, sai injin wani mai ƙanƙara
da ke tari can bayan masallaci.
Jibi za mu kama hanyar Ɗan Isa, mu wuce Kano.

Likitar ta zana mini da biro, ta ce hanya biyu ce.
Ko a mayar da ɗan tayi a kwana na uku,
yana ƙwaya takwas, bai kai ƙurar gero ba,
don ciki ya fi faranti sanin ɗansa.
Ko a bar shi a ɗakin reno ya kai biyar,
a ga wanda ya yi ƙarko.
Amma, ta ce, tana kallon biron,
wani zubin a wayi gari ba wanda ya kai.

Ruwan renon ma iri biyu ne.
Wani ana zubawa sau ɗaya, ba a sake taɓa shi,
ɗan tayi ya tsinci abin da yake so.
Wani ana sauyawa a tsakiyar tafiya
kamar uwa ta sauya wa jinjiri kunu.
Ga akwatin da ake buɗewa a fito da su a duba,
ga mai ido a ciki, yana ɗaukar hoto dare da rana,
ba a buɗe ƙofa, sanyi bai shiga.
Shi wannan da ƙarin kuɗi.

Na ce, likita, wanne ya fi?
Ta ce, Malam Illiya, a kan ruwa da akwati
ba wanda ya tsere wa ɗan'uwansa da nisa.
Na so ta yi mini ƙarya.

Ni fa shekara ashirin ina renon tattasai a Jiratawa.
Na san dashe.
Babana da wuri yake cirewa,
ya ce saiwa kar ta saba da gadon reno.
Maƙwabcinmu Ɗan Jimo sai ganye ya yi shida,
ya ce ba ya dasa abin da bai gani ba.
Sun yi ta musu har ƙasa ta rufe su,
kuma kowa ya kai buhu kasuwa.

Sai dai ni iri dubu nake watsawa,
mai rauni in tuge in jefa wa akuya.
Nan ko ƙila huɗu ne.
Ƙila biyu.
Wa ke tugewa a cikin biyu?

Shekara tara ana dama mata sassaƙe,
ana kallon cikinta a gidan suna,
ashe rumbun irin ne ya sha gara.
Nawa.
Ran da aka faɗa, ba ta ce komai ba,
ta dai ƙara mini miya.

Asuba ta kawo jiki, ta fito da buta,
ta tarar da ni da takarda.
Ta ce, kana ta auna hatsin da ba a girbe ba.
Bari a gani tukuna.
In sun yi yawa, su kai biyar.
In kaɗan ne, a ba ni abina a na uku,
in yi renonsa da kaina.
Ruwa kuwa, wanda hannunsu ya saba da shi.

Na ce, akwatin fa?
Ta daɗe tana zuba ruwa a ƙafa ɗaya.
Ta ce, sayar da jar akuyar nan da ƴaƴanta.
Mai idon nake so.
Ko bai zauna ba,
in ce na taɓa ganinsa.