Ƙarfen da Ruwa Ya Lanƙwasa

Akwai wani ƙarfe a kan teburina,
tsakanin almakashi da kwalbar gam.
Masu kawo ɗaurin littafi sukan tambaya,
in ce musu: aikin ruwa.

Honda ce, tsohuwa, ruwan toka,
kwasar adashin wata goma sha huɗu.
Ba ta da laifi sai shiru.
Ni kuwa so nake in na taka totur a Kwangila
'yan acaɓa su waiwayo,
mai lemo ya dakata da yanka,
a san Lurwanu ne ke wucewa.

A Sabon Gari wani yaro ya nuna min bututu
mai ƙyalli kamar sabon faranti,
bakinsa da jar hula mai ninki-ninki.
Ya ce, "Baƙin akwatin nan na kamfani
shi ya shaƙe ta, Alhaji. A cire.
A sauke hancin ƙasa, bayan bamba,
can iska ta fi sanyi."
Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin ya shige ni.
Na biya, ba tayawa.

Oga Sharehu na Tudun Wada ya leƙa ƙasanta,
ya daɗe yana goge hannu da tsumma.
"Wanda ya ƙera ta sama ya sa hancin.
Ko saniya in za ta ƙetare Galma
ɗaga nata take yi."
Na ce tsufa ne, da tsoron sabon abu.
Ya ce, "To. Allah ya kai mu faɗuwar ruwa."

Rani ya ɗaure min gindi.
Wata biyar tana gurnani,
daga Samaru har Ƙofar Doka
ni da kaina nake saurarawa.

Wata Talata cikin Agusta
hadari ya haɗo ta wajen Dakace.
Kafin la'asar lambatu ya tumbatsa,
leda da ɓawon rake na iyo a kan kwalta.
Ɗan kwari ne, bai kai gwiwa ba.
A-kori-kura ta wuce. Mai keke ya wuce.
Wata yarinya ma ta wuce, takalmi a hannu.
Na ce ni ne zan tsaya?
Na taka.
Ta ja dogon numfashin da na saya mata,
ta yi tari ɗaya.
Ƙas.
Sai ganga a kan rufi,
da waifa, ita kaɗai, tana kai da komowa.

Da na ƙyale ta haka, ƙila da sauƙi:
a kwance fulogai, ta amayar.
Amma hannu ya riga hankali.
Na murɗa makulli.
Na sake murɗawa.

Da Sharehu ya buɗe cikinta
baƙin mai ya koma kunun gyaɗa.
Bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma ya fi.
Ya zaro ƙarfen da ke tura fistan,
ya karkace kamar lauje, ya ɗora min a tafi.
"Iska tana da kunya," in ji shi,
"in an matse ta sai ta takure.
Abin da ta sha bai cika kofin shayi ba,
amma ruwa ba ya matsa wa kowa."

An faɗa min kuɗin injin ɗan Kwatano,
na nemi benci na zauna.

Da dare na haska bayan ɗaki
ina neman baƙin akwatin da na yar.
Ga shi can gindin zogale,
kazar Lantana ta kwanta a ciki, ƙwai bakwai.
Na miƙa hannu, ta sare ni.
Lantana ta ce, "Saura kwana tara.
Motar taka ina za ta?"
Na kashe tocila.
Gaskiya ne, tana kan duwatsu a Tudun Wada.
Na bar ta sai bayan ƙyanƙyasa,
na shiga, an fara yayyafi,
gobe da ƙafa zan bi ta kwarin nan
in ga iya inda ruwan yake tsayawa.