Zobo a Ɗakin Gwaji

Takardar gwajin tsami ta ƙare tun bara,
sai Malama Uwani ta ce,
"Gobe ku zo da zobo. Ban da sukari."

Mu biyar, teburi ɗaya, kofunan roba bakwai.
Zuwaira ta matsa lemon tsami,
jan ya buɗe ido kamar an kunna masa fitila.
Kubra ta jefa gutsuren kanwa,
ya ɓata rai, ya juye kore.
Muka yi tsit, sannan shewa.

Ruwan rijiyar su Murja, tun daga Gwale,
shi ma ya rikiɗe.
"Wallahi shi muke sha,"
idonta ya ciko.
Hansatu, wadda ba a jin muryarta a aji,
ta sansana kofin:
"Sabulu ne. Ba a ɗauraye ba."

Muka wanke, muka sake, har sau uku.
Ja ya tsaya a jansa.
Malama na jingine da taga, ko uffan.

Ni ce mai biro.
Na ja layi kan sakamakon farko,
amma ban goge ba.

A adaidaita, hanyar Kabuga,
yatsunmu jajawur,
muna musun abin da toka za ta yi masa.