Inda Dunduniya Ke Taɓa Ƙarfe

Ƙis.
Feda ta zagayo, ƙis kuma.
Tun daga Zango har na bar duwatsun Birni a baya
takalmin dama yana gogar hannun feda,
kamar gyare ya shige ɗaki da dare:
ba ka ganinsa, ba ya barinka.

Jaka tara na zube a Kasuwar Dole.
Gwanjo ne, amma na ƴan tsere,
da ɗan ƙarfe a tafi mai cafke feda
ya riƙe ta gam, kamar kaska a kunnen akuya.
Mako uku, gefensa ya saɓule,
baƙin fentin ƙarfen kuma ya koma fari fat
wuri guda, faɗin dala biyar.

Tankari mai gyara, a gindin dogonyaro,
ya kifa keken bisa sirdinsa,
ya murza feda da hannu. Tsit.
Ya ce, "Keke ba ya ƙarya.
Takalminka ne ya yi ƙiba."
Ya ƙara mini zobba biyu don ƙafa ta nisanta.
Na kama hanyar Miriya, iska na sha mini riga,
shiru, shiru, har na fara murna,
sai gajiya ta sauko cinya,
dunduniya ta tuna gidanta.
Ƙis.

Malam Kanta baduku ya sansana takalmin,
ya ce roba ce ta ci ado.
Duk da haka ya ɗora masa facin jar fatar akuya,
ya ciji zare, ya ce, "Taka in gani."
Na taka zuwa bakin zaure na dawo.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Ɗana, dunduniyarka ce ke leƙa ciki.
Ba ni da allurar wannan."

To, sai na ɗora laifin a kan kurna,
wadda na faɗo daga kanta ina shekara tara,
da maɗorin Garin Malam, da karansa da tsummansa.
Goggo Tsahara tana tsince yakuwa, ba ta ɗago ba:
"Hagu ka karya.
Shiga ɗakin ajiya, bayan buhunan hatsi,
ka duba abin da ke jingine."

Keken Baba.
Tayoyi sun ruɓe, yana ta yi wa sarƙa lulluɓi,
jakar wasiƙu ta bushe kamar ganda.
Tsatsa ta cinye ko'ina,
ido bai nuna mini komai ba.
Babban yatsa ne ya gani:
a hannun fedar dama, ɗan kwari,
santsi a ƙarƙashin tsatsa,
daidai inda nawa ya yi fari.
Shi da ko takalmin tsere bai taɓa sawa ba,
sai na taya, ɗinkin kasuwa,
shekara ashirin da shida yana raba saƙon mutane
daga gidan waya zuwa lungunan Birni.

Ina shekara huɗu aka kai shi.
Muryarsa ba ta zauna mini ba.
Hotonsa ɗaya, shi ma hatimi ya danne rabin fuska.

Ban ce magana yake mini ba.
Ƙarfe ne da fata, na sani.
Amma washegari na mayar wa Tankari zobbansa,
ya dube ni, ya jefa su cikin gwangwani.

Yanzu bayan asuba, hanyar Tanut,
kafin manyan motoci su farka,
ina ƙirga shi har ƙirga ta ɓace mini.
Kanta ya ce facin zai kai bayan damina.
In ya cinye, in koma,
ya ajiye mini sauran fatar.