Tsagar da Ba Ta Buɗewa Sai a Hawa

Madam Kangyang ta kawo ta ran Talata,
baƙar mota, jar ƙasar Akwanga har kan madubi.
Ta ce, "Sabitu, cikin gari lafiyarta lau,
daga Taminus zuwa Bukuru ko tari ba ta yi.
Amma jiya a Hawan Kibo,
allura na haura dubu huɗu
sai ta saki jiki kamar an zare mata laka.
Na danna totur har ƙasa,
tirelar siminti ta wuce ni,
yaron motar yana ɗaga min hannu."

Na buɗe bonet a Farin Gada, rana tsaka.
Injin na ta kiɗinsa a tsaye, ba gargada,
kamar majinyacin da ke warkewa da ganin likita.

Kafin in ɗauki sifana hukunci ya riga ya fita.
Mai shayi ya ce tobo ne ya mutu.
Wani daga Dilimi har ya yanka kuɗin na Beljiyam,
ya rantse daga jirgi aka sauke shi.
Na ce a bari tukuna.
Ba a yi wa mai numfashi likkafani.

Na ciro filtar iska, na kaɗe, na ɗaga ta ga rana,
haske ya ratsa, ba ita ba ce.
Na sa yatsa na juya fankar tobo,
ta yi jujjuyawarta sumul, ba lilo, ba mai.
Na ja sandar ƙofar hayaƙi,
ta tafi, ta dawo da ƙarfinta.
Kwamfuta muka jona, ta yi ƙyafta-ƙyaftarta,
ta ce iska ta yi kaɗan.
To, wannan ai Madam ta faɗa tun da safe,
kuma ita ba ta karɓi ko sisi ba.

La'asar ta yi, hadari ya taso ta kan Dutsen Shere.
Nanpon, yaron da bai shekara a hannuna ba,
ya ce, "Oga, in a tsaye take ɓoye ciwon,
mu kawo mata hawan nan cikin gareji."

Muka toshe bakin tiyo da gwangwanin madara,
muka ɗaure da kilif, muka jona famfon mai faci.
Ya kaɗa omo a robar wanke hannu,
yana yayyafawa gaɓa-gaɓa, ni ina kasa kunne.
Shiru.
Ƙara iska.
Shiru.
Ƙara.

Sai can ƙasa, bayan lagireto,
inda ido ba ya kai wa sai an kwanta a kwali,
kumfa ta tashi, ƙwaya ɗaya, ta kira 'yan'uwanta.
Tsaga ce, tsawonta bai kai farce ba.
In ba matsi, leɓɓanta a rufe kamar ba ta san komai ba,
in iska ta cika, sai ta wangame baki
ta zubar da duk abin da tobo ya tara.

Tiyo ɗaya, kilif biyu.
Na Dilimi ya tafi bai yi sallama ba.

Muka fita gwaji kan titin Zariya, ruwa ya fara sauka.
Giya ta uku, dubu huɗu, dubu biyar,
kujera ta tokare min baya,
siririn fito ya dawo ƙarƙashin bonet.
Nanpon ya riƙe ƙofa yana dariya.

Da daddare na hau tudun unguwarmu a ƙafa,
kamar kullum na tsaya wajen mai gasa masara,
wai ina taya ciniki.
Shekara biyu ke nan a nan nake tsayawa.
A zaune lafiyata lau.
Na dafa ƙirji, na kasa kunne.